Bindigar Ɗaya Ce, Ganga Ce Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kulob ɗin harbin wasa da ya shirya gasar libarba a gefen birnin Lyon.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan kulob. Ina godiya da tarbar da kuka yi mana a watan jiya. Filinku tsaf yake, kafen da aka ba mu muka sha da safe kuma ya fi na kulob ɗinmu na Paris nesa ba kusa ba. Na rubuta da Hausa don da ita nake iya faɗin abin da ke raina. 'Yata Rakiya za ta juya maka wasiƙar da Faransanci, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Sunana Alhaji Issufu, ɗan Damagaram. Ina sayar da shadda da atamfa a unguwar Barbès ta Paris, ina zaune a Saint-Denis. Na daɗe ina tara tsofaffin libarba ina harbin wasa da su, takarduna na izini kuma cikakku ne. Ga ƙorafina.

Na farko, bari in gabatar maka da wadda ake ƙara a kanta. Libarba ce irin ta da, wadda sai ka ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi. Ba ta son mai gaggawa, shi ya sa muka shaƙu. Abin da ya bambanta ta shi ne maƙeranta sun yi mata ganga biyu, wato abin nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ciki. Ɗaya ta dogon harsashi ce irin na zamanin kakanni, ɗaya ta gajere ce wanda ake samu ko'ina. Ka zare wannan ka sa waccan, shi ke nan. Irinta kaɗan aka ƙera, da wuya kuma ka samu wadda gangunanta biyu ba su rabu ba. Lambar da ke jikin bindigar ita ce a jikin kowace ganga. A wurin wani dattijo Bafaranshe na birninku na same ta, Mushe Rene, wato Malam Rene a bakinku, wanda ya riƙe ta tun yana saurayi. Da hannunsa ya fara rawa ya ce ba zai ba da ita ga mai rataye ta a bango ba, sai ga wanda zai sa ta yi magana. Sai da ya tsaya a bayana ya ga harbina sannan ya yarda.

Na biyu, abin da ya faru. Dogon harsashin nan wahalar samu gare shi, abin da na zo da shi ba zai wuce zagayen safe ba. Saboda haka tun kafin a fara na je wurin alƙaliyar safe, wata mata mai furfura da fara'a, na nuna mata gangunan biyu, na tambaya ko zan iya sauyawa da rana. Ta duba lambobin ta ce ba matsala. Ta ma kira abokin aikinta ya zo ya gani, don bai taɓa riƙe irinta ba. Da safe na yi harbi da doguwa, da rana na yi da gajera. Ranka ya daɗe, tun da na fara wannan wasa hannuna bai taɓa tsayawa kamar ranar ba. Da aka ɗaga sakamako sai ga sunana na uku. Ɗan Damagaram, a Lyon, a tsakiyar mutanen da suka tashi da abin nan tun suna yara.

Na uku, ina cikin karɓar barka sai alƙalin rana ya zo, cikin ladabi dai, ya ce dokarku ta ce kowa da bindiga ɗaya, ni kuwa da biyu na yi gasa. Na miƙa masa ita na ce ya nuna mini ta biyun. Ya nuna gangar. Na ce ya ɗauki gangar ya je ya harba mu gani. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma ya soke sunana. Muka nemi alƙaliyar safe aka ce ta tafi gida.

Uwargidana Hajiya Balki tana wurin. Shekara da shekaru tana kiran wannan wasa nawa "wasan yaran masu furfura", sai wannan karon na lallashe ta ta biyo ni. A jirgin ƙasa muna komawa Paris ita ce ta hana mu sakat. Ta ce ita ma kekenta na ɗinki ashe biyu ne, tunda tana sauya masa allura. Yanzu duk matan da suka zo gidanmu sai ta zaunar da su ta yi musu bayanin ganga. Wannan kam na gode wa alƙalinka, ya yi mini abin da na kasa, ya sa ta damu da wasan nan.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mushe Rene ya zo gasar. 'Yarsa ta turo shi a keken marasa lafiya daga gidan tsofaffi, ya zauna da abin toshe kunne yana gyaɗa kai duk sanda na harba. Ya ga sunana a allo, ya kama hannuna biyu ya daɗe bai saki ba. Daga nan gajiya ta kama shi aka mai da shi, kafin alƙalin rana ya iso. 'Yarsa ta gaya mini babu wanda bai ba labari ba a gidan, har mai kawo masa abinci. Yana kirana a waya yana tambaya yaushe zan kawo lambar yabon ya riƙe. Ni kuwa sai in shiga tambayarsa lafiyar ƙafarsa.

Roƙona, Mai Girma Shugaba:

Ka kira alƙaliyar safe ka tambaye ta. Na tabbata za ta tuna da ni, ni kaɗai ne mai hula a filin.

Idan ta gaskata ni, a mayar mini da matsayina. Saurayin da aka ba lambar kada a karɓe tasa, ya yi harbi mai kyau kuma ba shi da laifi. A buga wata.

A rubuta hukuncin irin wannan bindiga a fili cikin dokarku, yadda alƙalin safe da na rana za su faɗi magana ɗaya.

Idan kuma ka duba ka ga alƙalin rana ne da gaskiya, zan karɓa, zan ma dawo baɗi da dogon harsashi mai isa. Sai dai in roƙe ka ka raka ni gidan tsofaffin, kai ka yi wa Mushe Rene bayani da bakinka. Ni dai na gwada a waya, na kasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya iyali, ya tsare filinku daga kowane haɗari.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Issufu, Saint-Denis