Rumbun Baba Mijinyawa

Malam, don Allah ka agaza mini, wasa ya jawo mini magana, kuma ni har yau ban ga girman laifin ba.

Ni ɗan unguwar Bukoki ne a nan Yamai, ina taya babana sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Asalinsa mutumin Nijeriya ne, daga wani ƙauye bayan Zurmi, ya baro can tun yana saurayi. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ga farin nan, tun da soja suka karɓi mulki jar dawar agaji muke bin layi mu karɓo, ita kuwa ba ta zama a cikinsa. Sai ya ce gida yake so ya koma ya ƙarasa kwanansa. Ya aike ni in ga tushenmu, in gaida wansa Baba Mijinyawa, in nemo masa ɗaki.

Tun ina yaro ake cika mini kunne da garin nan, wai rafi, wai kukoki, wai fura kamar a yi wanka da ita. Na bi ta Maraɗi, na keta Jibiya, na sauka Zurmi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, duk na yi fari fat da ƙura. Rafin nasu yashi ne. Kukar da aka ce kakanmu ya dasa, awaki sun gama da ɓawonta. Aka zagaya da ni kushewar kakanni, aka nuna mini tudun ƙasa wai nan aka haifi babana, ni dai tururuwa na gani. Tuwon ma da suke ba ni, ɗan malmala kamar ƙwan zabo, su kuma su ce sun riga sun ci. Rowa dai.

Akwai Yakuba, ɗan gwaggona, taubashina ke nan, mai hula ɗaya da yake ji da ita kamar ta gado. Ran Juma'a bayan la'asar, maƙwabta sun taru ƙofar gida, na fizge hular na haye rumbun Baba Mijinyawa, babban da suke yi wa kirari wai shekara bakwai ba a ga gindinsa ba. Na ɗaga murfin zan jefa ta, sai na ga wayam, ko zangarniya ɗaya babu. Dariya ta kama ni, na ɗaga murya na shaida wa jama'a cewa har ɓerayen gidan sun yi ƙaura zuwa Yamai cin jar dawa. Ba wanda ya taya ni dariya. Da safe tsohon ya sa Yakuba ya raka ni tasha, da saƙon in ce wa ƙanensa babu ɗaki.

Ni kuwa da na dawo na ce wa babana ana jiransa. Yanzu ya ɗaure kayansa, har ya yi sallama da abokan kasuwa. Malam, mutanen ƙauye ba su san wasa ba ne? Yaya zan yi da tsohona?

Ɗan Bukoki

AMSA

Ɗan Bukoki, ka je ganin tushenka, ka dawo ba ka ga komai ba sai abin dariya. Mutanen da suka ce maka sun riga sun ci, ba su ci ba. Kai ka cinye, kana zaginsu da rowa.

Rumbun maigida ba wurin hawan baƙo ba ne, ko ɗan gida ba ya leƙa shi sai an sa shi. A shekarar fari, rumbu rufaffe shi ne ke sa dattijo ya zauna cikin mutane kansa a ɗage. Wasan taubasantaka tsakaninka da Yakuba yake, hularsa halal ɗinka ce, amma yayan ubanka uba ne, ba a wasa da shi.

Shi ma ban wanke shi duka ba, bai kamata ya rufe wa ƙanensa ƙofa saboda bakin yaro ba. Sai dai ina zaton ba fushi kaɗai ba ne, kunyar karɓar majinyaci yake ji alhali kowa ya san ba abin ba shi.

Ka faɗa wa mahaifinka gaskiya yau, kafin ya hau mota da ciwon ƙafa a maido shi daga ƙofar gidan ubansa. Sannan ka koma tare da wani dattijo abokinsa. Ka durƙusa gaban waɗanda suka ji ka, ka nemi gafara, kada ka ambaci rumbu ko sau ɗaya. Hatsin da kuka iya ɗauka, ka miƙa wa gwaggonka cikin ɗaki a matsayin guzurin mahaifinka, ba taimako ba. In an karɓi hatsin, an ba da ɗakin.

Allah Ya ba tsohon lafiya, Ya sada shi da ɗan'uwansa, Ya kawo mana damina mai albarka.