Kun Ɗora Fuseini a Kan Tafkunan Kwaɗi

Zuwa ga Shugabar ƙungiyar kula da kwaɗin gindin tsaunukan Aburi,

Assalamu alaikum. Hajiya, ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni ne Issaka na Maamobi, wanda ya yi damina shida yana hawa motar haya ta trotro zuwa tafkunanku uku yana ƙirga muku ƙwan kwaɗi. Na je ofis sau biyu aka ce kina taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Kun naɗa Fuseini, maƙwabcina, mai kula da tafkunan. Ni na kawo shi aikin nan bara, lokacin ko takalmin ruwa bai iya sakawa ba. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Kullum da safe yana wucewa ta ƙofar gidanmu a kan babur ɗin ƙungiya, da riga mai tambari, har mai kokon layinmu ta fara kiransa Ofisa. Ni kuwa har yau Issaka mai kwaɗi ne. Abin da ya fi ni Turanci ne kawai, kuma ban taɓa jin kwaɗo ya yi Turanci ba.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Ƙananan kwaɗin da muke tsarewa ba a cikin ruwa suke zuba ƙwai ba. Ganyen ciyawar bakin tafki suke naɗewa su ɓoye ƙwan a ciki, in ya ƙyanƙyashe 'ya'yan su zame cikin ruwa. Sai ka durƙusa ka buɗe ganye ɗaya bayan ɗaya kafin ka gani. Da Fuseini ya ji baƙi za su zo ɗaukar hoto, sai ya sa adda ya share bakin babban tafkin tas, kamar tsakar gida ranar suna. Sannan ya leƙa ruwa, ya rubuta muku cewa bana babu ƙwai. Na je na tarar da tarin ciyawar tana bushewa a rana, da ƙwan a jikinta. Ku kuma kuka yaba masa da tsafta.

Roƙona, Hajiya: ki zo da kanki in nuna miki ganyen, na ajiye. Muƙamin, in kun ga dama ku bar masa, zan haɗiye ko da ɗaci. Amma ku karɓe addar daga hannunsa kafin Asabar, don ya ce ranar zai gyara sauran tafkuna biyun.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki ikon yin adalci.

Wassalam.
Issaka, Maamobi