Tsohon Lemun da Na Sare

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Inna, sai Juma'ar da ta wuce na gane abin da na yi. Sale ɗan ƙaninki, mai aiki da malaman gona a Madani, ya kawo mana ziyara Sinnar. Ya zagaya janenarki, lambun nan naki, ya ga fumfuna na cin jikin ƙananan lemuna, sai ya tambayi ina tsohon lemun nan mai ƙuraje na bakin ruwa. Na ce na sare shi bayan arba'in ɗinki, na ƙone, don kada ya harbi sauran. Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Wai ita fumfunar ma tana da nata ciwon, wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, mai shiga cikinta ta karya mata ƙarfi. Bai rantse ba, amma yana zaton irin wannan raunananniyar fumfunar ce a tsohon itacen, shi ya sa bai mutu ba. Wai in ta haɗu da mai ƙarfin a jikin wani itace, sai ta harba mata ciwon, itacen ya warke.

Na tuna ki da wuƙarki. Ki kankaro ɓawon tsohon, ki kwaɓa da lakar kogi, ki ɗaure da tsumma a ciwon wani lemun. Maƙwabta na dariya, wai Hajo ta zama wanzamiyar itace. Ke kuwa sai ki ce, "Wanda ya sha ciwo ya tashi, shi ake tambaya magani."

Ni kunya nake ji a lokacin. Aji uku da na yi a makaranta ya sa na ɗauka camfi ne. Ki yafe mini, Inna.

Kada ki damu, muna lafiya. Dawa ta yi kyau, jikokinki sun ƙoshi. Lemunan da kika ɗaure da hannunki sun cika kwanduna bana, har na raba wa masu dariyar. Ƙananan nan uku ne kawai ke bushewa.

Sale ya ce kin taɓa ba Gwaggo Ladi dashen tsohon a Sinja. Wataƙila yana raye, da ƙurajensa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ki a inuwar da ba ta gushewa. Amin.

Ni ce 'yarki, Rakiya. Na wasa wuƙarki, amma har yau ban je Sinja ba.