Kwanon Nura

Laraba da dare, Tudun Wada.

Yau a aji mun yi nazarin littafin nan na saurayin da ya bar gida ya faɗa shaye-shaye. Na tambayi ɗalibai inda lalacewarsa ta fara. Kowa ya ce ranar da ya haɗu da 'yan tasha, ni ma haka na fahimta. Sai Hauwa'u, 'yar garin 'Yankuzo da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, tun ranar da ya daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa ne, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili."

Na ce ta yi ƙoƙari, na wuce.

Da na dawo gida na tarar da yara suna cin tuwo a tsakar gida, ban da babban ɗana Nura. Kwanonsa yana ajiye a ƙofar ɗakinsa. Na tambayi uwarsa tun yaushe yake ci shi kaɗai.

"Tun kafin azumi, Malam."

Na je bakin ƙofar na tsaya. Har yanzu kwanon yana nan, tuwon ya huce.