Na'urar Marigayi da Taswirar Rijiya

Malama Lubabatu,

Don Allah ki taimake ni, kwana tara suka rage mini. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Maigidana, baban Ramlatu, ya rasu wata biyu ke nan, ina cikin takaba. Aikinsa neman inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya bari na wani ƙauye ne a gefen Droum, inda rijiyoyi uku suka ƙafe bana, mata na fita da asuba sai azahar su dawo da bidon ɗaya, jarka guda ta ruwa. Ya gama awo, ya zuba komai a ordinatar ɗinsa, wata kwamfuta babba mai nauyi, saura ta haɗa taswirar wurin da za a haƙa. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Masu injin haƙa sun ce in ba su ga taswirar ba ranar Alhamis ta sama, za su wuce Gidimuni, ba su san ranar dawowa ba.

Illa, abokin aikinsa, ya nuna mini ta bayan labule inda zan danna, ya ce awa biyu take so ba tsayawa. Sau biyar ina gwadawa. Kuran, wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya, batir ba ya kai minti arba'in. Tana yin zafi kamar murhu, fankar cikinta na huci, sai ta mutu, in sake daga farko. A kan matashinsa nake ɗora ta, nan ya fi mini kusa da shi. Kuma gidan ba ya rabuwa da masu gaisuwa. Da na ji sallama sai in rufe murfin in lulluɓe ta da zane, kada a fita a ce mai takaba na kallon fim. In sun tafi in buɗe, aikin ya tsaya.

Illa ya ce marigayi ya sa ta a kan Performances élevées, saitin cikakken ƙarfi, shi ya sa take shan batir, in mai da ita Économie d'énergie, saitin tanadin wuta. Yaya Usman, wan marigayi, ya ce ba a raba gado ba, akwai haƙƙin marayu, ba mai canza komai kuma ba za ta fita gidan ba. Har sun ɗaga wa juna murya a zaure.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, ni ma ba na so a canza. Hannunsa ne ya saita ta haka. Hucin fankar nan shi nake ji daga madafa in san yana gida. Amma in injin ya wuce saboda ni, da wace fuska zan gamu da marigayi?

Mai takaba, Zango, Damagaram.

*

Ƴar'uwa,

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Kwana tara sun isa, in kin fara yau.

Kafin komai, Illa ya kawo kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ya kwafe awon marigayi gaba ɗaya, a gaban Malam Usman. Ko na'urar ta lalace gobe, wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Malam Usman yana da gaskiya, na'urar gado ce, kuma wanda ya tsaya wa marayu ba a raina shi. Sai dai awon da ke cikinta amanar mutanen ƙauyen ce. Saiti kuma ba ya rage ƙimarta, ana mai da shi yadda yake cikin minti ɗaya. Ki roƙe shi ya tambayi limamin unguwa, kuma a yi komai yana zaune.

Illa ma ya faɗi rabin gaskiya. Économie d'énergie tana tanadin batir, amma tana rage wa na'urar ƙarfi, aikin awa biyu ya koma uku ko huɗu, batir kuma ba zai kai can ba. Ki bar saitin maigidanki. Don irin wannan aikin ya zaɓe shi, amma saiti ne na kan kuran. Batir gada ce kawai tsakanin ɗaukewa da dawowa. Ku ari gurup, wato janareta, na awa uku da safe, kafin rana ta yi zafi.

Daga abin da kika rubuta, ina zaton matashi da murfi ne ke kashe miki aiki. Matashi da zane suna toshe ramukan da take shaƙar iska, in zafi ya yi yawa ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ki ɗora ta a kan tebur, ki ɗaga bayanta da ɗan katako. Rufe murfi kuwa barci yake sa ta. Illa ya shiga Options d'alimentation, wurin saitin wuta, ya sa barci a kan Jamais, wato kada ta yi sam, rufe murfi a kan Ne rien faire, wato kada ta yi komai. Waɗannan biyun kaɗai za a taɓa. Ya rubuta yadda suke a takarda ya ba Malam Usman, a mayar bayan an gama.

Mafi sauƙi ma, kada ki rufe. Ki rage hasken fuskarta, ki juya ta bango. Duk wadda ta tambaya, ki ce amanar marigayi kike saukewa. Ba kunya a nan.

Ba laifi ki so hucin fankar. Ki zauna kusa ki saurare shi awa biyun nan har ya gama, aikinsa na ƙarshe ne yake ƙarasawa. In aka dace ruwa ya fito, kowace guga da aka ja a ƙauyen nan muna fata ladarta ta iske shi inda yake, ke ma da rabonki.

Allah ya sa ki fita takaba lafiya, ya raya Ramlatu, ya ba mu damina.

Lubabatu