Randarki ta Ƙarshe, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna Gambo, maginiyar Mirriya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki Hadiza ce. Malam na sa ya rubuta mini.

Kin tuna randar da kika gina kafin ciwo ya kwantar da ke, wadda ba ki samu kin gasa ba? Damina biyu tana ɗakinki lulluɓe da tabarma. Na kasa kai ta matoya, ina tsoron wutar kara ta ci amanata.

Bana Nasara suka gina tanderu a bayan Birni don gasa tubalin barikinsu, kumandan ya sa aka kwaso mu magina. Mai kula da wutar yana da wasu 'yan ƙahonni na farar ƙasa, tsawon yatsa, daga ƙasarsu. Yakan tsayar da ɗaya a ciki, ya riƙa leƙawa ta wata kafa. In ƙahon ya sunkuyar da kai, wuta ta isa.

Na ga tubali na fitowa lafiya, sai zuciyata ta ce ga abin da ba ya kuskure. Na roƙi tafinta, aka ba ni wuri, na ɗauko randarki a kan jaki.

Kin sha gaya mini, “In tukunya ta yi jan hantar rago, janye itace.” Inna, na leƙa, na ga jan nan da idona. Amma ƙahon na tsaye ƙyam, sai na ƙi cewa a janye itacen, ni da kike kira uwar surutu.

Ashe ba don yumɓunmu aka yi ƙahon ba. Kafin ya sunkuya, randarki ta riga shi. Wuyanta ya lanƙwashe, cikinta ya tsage.

Ban ɗora wa kowa laifi ba. Kin koya mini, na gani, na ƙi gaskata ki. Wannan ya fi fashewar yi mini ciwo.

Na tsinci gutsuren bakinta, inda babban yatsanki ya bar sawu. Duk ranar gashi, kafin in kunna wuta, nakan ɗora nawa a ciki. Har yanzu bai cika gurbin ba.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan da ya fi na randarki sanyi.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza