Wakilan da Suka Guje wa Gonar Iya Tani

Zuwa ga ɗalibina Lukmanu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Ya jikin Hajiyarku? Allah ya ƙara sauƙi.

Kowa a Kura ya ɗauka wakilan nan da ni da 'yan ajina muka saka wa manoma a waya suna da shugaba mai raba su ƙungiya-ƙungiya. Kai ma haka ka tambaya. Ba su da shi. Kowace gona tana da wakilinta, 'yar manhaja mai cin gashin kanta. Idan ruwa ya zo kanal, wato magudanar ban ruwa, sai wakilin ya nemi wakilan da ya sani su haɗu su karɓi injin ban ruwa na ƙungiyar manoma, ya tura wa mai gona saƙo ya amsa. Wanda ba ya amsawa, a hankali sukan rabu da shi, su nemi abokin abokinsu.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Duk sun guje wa wakilin Iya Tani, dattijuwar da gonarta take ƙarshen kanal ta wajen Bunkure. Ba a kai mata inji, ga tumatirinta ya fara fure, ganyen ya yi yaushi. Na bincika, ban ga kuskure ba. Ka taya ni tunani.

Malamarka, Zuliha

Lukmanu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na gode da amsarka. Ba matsalar sabis ba ce. Na je gonar da kaina.

Ashe da safiyar Lahadi ake sako wa reshensu na kanal ruwa, lokacin Iya Tani tana coci, wayarta a kashe cikin jaka. Tun mijinta yana raye, maƙwabcinta Malam Isiyaku ne yake yi mata ban ruwa ran Lahadi, ita kuma ta tsare masa gona daga awaki idan ya tafi masallacin Juma'a. Da muka kawo tsarinmu, ya zaci yanzu waya ce take yi mata, ita kuma kunya ta hana ta yi masa magana. Wakilai dai sun ga shiru, suka watse.

Na so in haɗa su da hannuna, amma in na yi haka na zama shugaban da na ce babu. In kuma na jira su gane da kansu, furen zai zube. Ban san wanne ne daidai ba.

Ka gaida abokan karatu.

Zuliha

Ɗalibina Lukmanu,

Ina fata ka gama jarrabawa lafiya. Mu ma lafiya lau.

Kafin in yanke shawara, Malam Isiyaku ya riga ni. Ya karɓi wayarta, duk Lahadi tana aljihunsa tare da tasa. Wakilinsa ne ya fara komawa gare ta, saura suka biyo. Fure na farko ya zube, amma na baya ya kama, har an fara ganin 'ya'ya.

Sai dai kaina ya sake kullewa. Yanzu wakilin Iya Tani kowa yake nema, na Malam Isiyaku kuwa an fara guje masa. Dalili, wayarta yake fara amsawa, ya je ya gama mata ban ruwa, sannan ya duba tasa. Na roƙe shi ya riƙa fara amsa tasa. Ya dube ni ya ce, "Malama, ta girme ni fa."

Ban san yadda ake gaya wa manhaja wannan ba. Idan kun sami hutu, ka zo ka gwada da kanka. Ka zo ran Asabar ka kwana, mu je gonar da safiyar Lahadi, don albasar Malam Isiyaku ta fara jin ƙishi.

Malamarka mai sa maka albarka,
Zuliha